Ɗaliban Sin da yara masu raunin fahimta: abin da aka gani a Shanghai a 2007, da abin da ya rage a cikin aji

A daren 2 ga Oktoban 2007 babban filin wasa na birnin Shanghai, wanda a lokacin yake cin mutum wajen 80,000, ya cika ya batse. Shugaban ƙasar Sin na wancan lokacin Hu Jintao da kansa ya zo buɗe taron, ga Yao Ming ɗan ƙwallon kwando, ga Jackie Chan, ga Arnold Schwarzenegger wanda a lokacin shi ne gwamnan jihar Kalifoniya ta Amurka. Sai dai duk ba don su aka taru ba, an taru ne saboda wasu 'yan wasa sama da 7,000 daga ƙasashe fiye da 160, kuma kaf ɗinsu mutane ne masu raunin fahimta. Gasar Special Olympics ke nan, wadda Eunice Kennedy Shriver ta fara a Chicago a 1968, ita ma don tana da 'yar'uwa mai irin wannan lalurar, Rosemary. Wannan ne karo na farko da aka kawo gasar ta bazara nahiyar Asiya, kuma karo na biyu da ta fita daga Amurka bayan wadda aka yi a Dublin a 2003.

Bari mu fahimci juna tun yanzu, don mutane na yawan haɗa abubuwan. Raunin fahimta ba taɓin hankali ba ne. Mutum ne wanda tun yana ƙarami koyon abu ke masa nauyi, magana ta zo masa a makare, lissafin canji ya gagare shi, wani sai an taya shi wanka da saka kaya har girmansa, wani kuma yana iya komai na gida har ya riƙe aiki a shago ko gidan burodi, karatun ne dai ba ya shiga da sauri. Masu lalurar Down, wadda ake haifar mutum da ita, suna cikinsu, da waɗanda suka sha wuya wajen haihuwa, da waɗanda ƙarancin sinadarin aidin ya taɓa wa ƙwaƙwalwa tun suna ciki. Ƙidayar naƙasassu da gwamnatin Sin ta yi a 2006 ta ce akwai masu naƙasa miliyan 82.96 a ƙasar, a cikinsu miliyan 5.54 masu raunin fahimta ne, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na naƙasassun a karkara suke. Ƙidayar da ta gabata ta 1987 sama da miliyan 10 ta samu, ɗaya daga cikin dalilan da ake bayarwa na raguwar shi ne gishiri mai aidin da aka wajabta a faɗin ƙasar a tsakiyar shekarun 1990.

Ni abin da ya tsaya mini a rai a wannan gasar ba manyan baƙin ba ne, ɗalibai ne. Mutum wajen 40,000 ne suka yi aikin sa-kai, da yawansu 'yan jami'a, su ne masu tafinta, su ne masu raka 'yan wasa bas da ɗakin cin abinci, su ne masu riƙe musu ruwa a bakin fili. Yaran firamare da sakandare kuma aka riƙa kai su kallo makaranta-makaranta. To da wane tunani waɗannan yaran suka shigo filin, kuma wa ya saka musu shi?

Akwai amsar da za a iya dogaro da ita. Wasu masana na jami'ar Massachusetts da ke Boston, ƙarƙashin Gary Siperstein, sun raba takardun tambayoyi ga ɗalibai 4,059 'yan ƙaramar sakandare a ƙasar Sin, sakamakon ya fito a 2011. Tambayoyin iri ɗaya ne da waɗanda suka yi wa yara 5,837 a Amurka a binciken da suka fitar a 2007, saboda haka ana iya ajiye su gefe da gefe. A abubuwa da dama yaran ƙasashen biyu bakinsu ɗaya. Duka suna ɗaukar mai raunin fahimta a matsayin wanda lalurarsa ta fi yadda take tsanani, alhali akasarin masu lalurar tasu mai sauƙi ce. Duka suna ganin in aka haɗa su aji ɗaya akwai amfani akwai kuma illa. Inda suka rabu shi ne wurin da kowa ke ja da baya. Yaron Amurka ya fi gudun mu'amala a wajen makaranta, wato ya gayyace shi gida ko su fita yawo tare a gan su. Yaron Sin kuwa a cikin makarantar yake ja da baya, musamman in aka zo aikin karatu, a haɗa su aiki ɗaya da malami zai ba maki. A nan ne al'adar take, kuma duk wanda ya san yadda ajin ƙasar Sin yake ba zai yi mamaki ba.

Ka ɗauki yarinya 'yar shekara 13 ko 14 a wani gari na ƙasar. Kafin ƙarfe takwas tana cikin aji ana karatun safe da ƙarfi baki ɗaya, ajin yara 40 zuwa 50, a wasu garuruwan ma fiye. Da rana a saka sauti a lasifika kowa ya rufe ido ya murza gefen idanunsa, motsa ido ke nan da ake yi kullum saboda yawan duba takarda. Da yamma aikin gida, a makarantu da yawa har da zaman karatun dare. Yara biyu-biyu ake zama a tebur, kuma abokin zaman nan ba ƙaramin abu ba ne a wajensu, iyaye har kamun ƙafa suke yi wajen malamin aji a zaunar da ɗansu kusa da mai ƙoƙari, a gaba-gaba inda ake jin malami sosai. Shekaru da yawa ana liƙa sakamakon jarrabawa da matsayin kowa daga na ɗaya har na ƙarshe, kowa ya gani. Tana kaiwa shekara 15 za ta zauna jarrabawar zhongkao, wadda za ta raba yara gida biyu, masu wucewa babbar sakandare da masu tafiya makarantar koyon sana'a, a wasu wuraren kusan rabi da rabi. Bayan shekara uku kuma sai gaokao, jarrabawar shiga jami'a da ake farawa ranar 7 ga Yuni, wadda 'yan sanda ke tare hanyoyi saboda ita, a hana masu gini ƙara, iyaye su yi cirko-cirko a bakin get cikin rana. A 2024 mutum miliyan 13.42 ne suka yi rajistarta.

Yanzu ka zo ka ce wa wannan yarinyar daga gobe abokin zamanki yaro ne da sai an maimaita masa abu sau biyar, kuma aikin rukuni tare za a ba ku maki. Wallahi ba muguwa ba ce in ta ɓata rai. Tun tana aji ɗaya duk manyan da ta sani abu guda suke nuna mata, makinki shi ne ke, shi ne hutun iyayenki in sun tsufa. Za ta iya raka yaron nan gida, ta kare shi in ana tsokanarsa, ta raba abincinta da shi, amma makinta kam ba za ta yarda a taɓa ba, don ba ta ɗauke shi nata ita kaɗai ba.

Wannan abin ya girmi gwamnatin kwaminis nesa ba kusa ba. Tun daular Sui ake ɗaukar ma'aikatan sarki ta hanyar jarrabawa, aka yi ta yi kusan shekara 1,300 sai a 1905 aka soke. Ɗan manomi in ya ci ya zama hakimi, danginsa kaf sun tashi. Ƙasar da ta daɗe haka tana auna mutum da alƙalami dole wanda alƙalami ya gagara ya sha wuya a cikinta fiye da gurgu ko makaho, domin su ana iya cewa jiki ne ya gaza amma kai lafiya lau.

Akwai kuma wani abu da mutane ke yaba wa Sinawa a kai, kuma ya cancanci yabo, amma yana da kaifi biyu. Masana Harold Stevenson da James Stigler da suka kwatanta makarantun Amurka da na gabashin Asiya a shekarun 1980 sun gano iyayen Sinawa da Japanawa sun fi danganta nasarar yaro da ƙoƙari, na Amurka kuma sun fi karkata ga baiwa. Sinawa har karin magana gare su, wai tsuntsun da ba shi da wayo sai ya riga sauran tashi. Wannan tunanin ya ɗaga miliyoyin yara talakawa. Amma ka duba yadda yake faɗa wa yaro mai raunin fahimta mara tsanani, wanda in ka gan shi ba za ka ce yana da wata lalura ba. In dai ƙoƙari ne komai, to wanda ya kasa bai yi ƙoƙari ba ke nan. Sai 'yan ajinsu su ɗauke shi malalaci, malami ya ƙara masa aiki, uba ya ƙara masa faɗa, shi kuma iya ƙarfinsa ke nan tun farko.

In aka koma koyarwar Konfushiyas, tsohon malamin hikima na Sinawa, wadda ko yaron da bai taɓa buɗe littafinsa ba ya sha ta a gida, za a tarar ba abu ɗaya ta ce ba. Shi ne ya ce a harkar koyarwa ba a ware kowa. An kuma ruwaito yadda wani makaɗi makaho mai suna Mian ya ziyarce shi, da suka zo matakala ya ce masa ga matakala, da suka zo tabarma ya ce ga tabarma, da aka zauna ya riƙa gaya masa wane yana nan, wane yana can, da almajirinsa ya tambaye shi daga baya ya ce ai haka ake yi wa makaho jagora. A wani tsohon littafinsu na ladubba an siffanta al'umma ta gari da cewa ita ce wadda gwauraye da zawarawa da marayu da marasa 'ya'ya da naƙasassu duk suke da mai kula da su. Amma shi dai Konfushiyas ɗin an ruwaito ya ce mafi hikima da mafi wauta su ne kaɗai ba sa canzawa. In ka haɗa waɗannan sai ka ga irin tarbiyyar da ke fitowa: a tausaya, a ciyar, a kare, kar a wulaƙanta, amma kar a sa rai zai koyi wani abu, kuma ba a tambayarsa me yake so. Wani bincike da Katrina Scior da abokan aikinta suka fitar a 2010, inda suka kwatanta Sinawan Hong Kong da Turawan Birtaniya, ya nuna irin wannan, Sinawan sun fi karkata ga a killace su a kula da su. A ganina wannan tausayin na gaske ne, ba na baki ba, sai dai tausayi ne daga sama zuwa ƙasa, kuma da wuya ka yi abota da wanda kake kallo daga sama.

Sai maganar gida, wadda ita ce ta fi ciwo. A al'adar Sin ɗa bashi ne a kansa ya riƙe iyayensa in sun tsufa, ya kuma ci gaba da zuri'a, har tsarin mulkin ƙasar ya rubuta cewa wajibi ne 'ya'yan da suka girma su tallafi iyayensu. Mencius, babban malamin da ya bi tafarkin Konfushiyas, ya ce a cikin saɓa wa iyaye babu wanda ya kai rashin barin magaji. To yaron da shi ne za a riƙe har abada, wanda wataƙila ba zai yi aure ba, ya juyar da lissafin gidan gaba ɗaya. Ga abin da suke kira fuska, wato mutuncin gida a idon jama'a, ana tsoron a ce jininsu ne ba kyau har ya shafi auren ƙannensa da yayyensa. A karkara tsofaffi na iya cewa sakayyar wani laifi ne da aka yi a baya, ko na iyaye ko na kakanni. Ɗalibin da ya yi karatun kimiyya zai ce maka shi bai yarda da wannan ba, kuma gaskiya yake faɗi, amma ya tashi yana ganin gidan maƙwabta akwai yaron da ba a fito da shi in an yi baƙi, ba kuma a kai shi biki, kuma ba wanda ya taɓa yi masa bayani. Shirun ma darasi ne.

Duk ɗaliban da suka yi aikin sa-kai a 2007 'ya'yan zamanin dokar ɗa ɗaya ne, wadda ta fara aiki wajen 1980 ta kai har ƙarshen 2015. Yaro ɗaya, iyaye biyu, kakanni huɗu, duk idonsu a kansa. Dokar ta ba da dama a sake haihuwa in ɗan farko yana da naƙasa, wanda ta wani gefen sauƙi ne ga iyaye, ta wani gefen kuma saƙo ne ga kowa cewa wancan na farkon bai cika lissafi ba. A bangon gidaje da asibitoci ana rubuta taken haihuwa mai inganci da reno mai inganci, ana ta maganar ɗaga ingancin al'umma. Lardin Gansu ma a 1988 doka ya yi cewa mai raunin fahimta mai tsanani sai an yi masa aikin hana haihuwa kafin ya yi aure, sannan dokar lafiyar uwa da jariri ta 1994 ta kawo gwajin lafiya kafin aure, wanda sai a 2003 aka daina tilasta shi. Yaran nan ba su karanta dokokin ba, amma iskar da suka shaƙa ke nan.

Kada kuma a ɗora wa al'ada komai, talauci na da nasa kason. A farkon 2014 birnin Guangzhou ya buɗe wani ɗan ɗaki inda iyayen da suka kasa za su iya ajiye jariri lafiya ba tare da an san su ba, cikin ƙasa da wata biyu aka ajiye jarirai 262 har dole aka dakatar da shirin, kuma hukumomi sun ce dukkansu suna da wata cuta ko naƙasa, shanyewar ƙwaƙwalwa da lalurar Down da ciwon zuciya su ne kan gaba. Da yawan iyayen nan kuɗin asibiti ne ya kayar da su. Ba kuma Sinawa kaɗai ke da wannan ra'ayin na warewa ba, binciken da aka yi wa Special Olympics a ƙasashe 10 a 2003, har da Sin da Najeriya da Masar da Jamus, ya nuna akasarin waɗanda aka tambaya sun fi son a koyar da irin waɗannan yaran a makaranta ta daban ko a gida.

Gwamnati kam ba a ce ba ta yi komai ba. Ɗan tsohon jagoran ƙasar Deng Xiaoping, wato Deng Pufang, wanda ya faɗo daga bene a jami'ar Peking a 1968 lokacin rikicin juyin al'adu ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa, shi ya jagoranci kafa tarayyar naƙasassu ta ƙasa a 1988, aka yi dokar kare naƙasassu a 1990. Tun kafin nan wata mata a Guangzhou, Meng Weina, ta buɗe makaranta don yara masu raunin fahimta a 1985, daga baya ta kafa ƙungiyar Huiling a 1990 don manyansu. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuma aka fito da tsarin da suke kira suiban jiudu, wato yaro mai naƙasa ya yi karatu a ajin kowa da kowa, musamman don a ƙauyuka babu makarantu na musamman. A takarda abin ya yi kyau. A aikace malamai da masana na ƙasar da kansu suna cewa sau da yawa zama a aji ne kawai, ba karatu a aji ba. Yaron yana can benci na ƙarshe kusa da tsintsiya da kwandon shara, ba a tambayarsa, ba a duba littafinsa sosai, in dai bai yi surutu ba shi ke nan. A wurare da dama ba a saka makinsa a lissafin matsakaicin makin aji, wanda da shi ake auna malami. Ya zauna da su shekara shida amma ba a taɓa haɗa shi aiki da kowa ba. To me sauran yaran suka koya? Sun koyi cewa ana iya zama ɗaki ɗaya da mutum kuma ba ya cikin lissafi.

Da wannan kayan ɗaliban Shanghai suka shigo gasar, sai suka tarar da tsari na daban. A Special Olympics ana fara gwada 'yan wasa a raba su rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfinsu, rukuni ba ya wuce mutum takwas, na ɗaya zuwa na uku su samu lambar zinare da azurfa da tagulla, na huɗu zuwa na takwas su ma a kira sunansu a hau da su dandamali a ba su kintinkiri. Rantsuwar 'yan wasan ma cewa take a bar ni in yi nasara, in kuma ban samu ba a bar ni in nuna jarumta wajen gwadawa. Ka yi tunanin yaron da duk rayuwarsa jeri ɗaya ya sani daga na ɗaya zuwa na hamsin, yau ga shi yana tafa wa wanda ya zo na bakwai, kuma na bakwan yana murna da gaske, mahaifiyarsa na hawaye a kan benci. Kafin a fara wasannin an rarraba tawagogin ƙasashe unguwa-unguwa na 'yan kwanaki, suka shiga gidajen mutane aka ci abinci tare. Taken gasar da Sinanci cewa yake in za ka iya ni ma zan iya, an liƙa shi a bas da tashoshin jirgin ƙasa, fuskokin masu lalurar Down a manyan alluna a tsakiyar birni, abin da da yawa ba su taɓa gani ba. Tun 2005 kuma birnin ya fara buɗe cibiyoyin da ake kira gidajen hasken rana, wajen 240, kusan kowace unguwa da nata, inda 'yan shekara 16 zuwa 35 ke zuwa da rana su koyi girki da sana'ar hannu da yadda ake shiga mota a je kasuwa. Yawan 'yan wasan Special Olympics a ƙasar ya tashi daga wajen 50,000 a 2000 zuwa 500,000 cikin 'yan shekaru.

Masu binciken na Boston sun tambayi yara kafin gasar da bayanta, suka ga ra'ayi ya gyaru, kuma ya fi gyaruwa a wajen waɗanda suka shiga harkar da kansu fiye da waɗanda suka gani a talabijin. Gani ya kori ji. Kuma ya dace da wani abu da babban binciken ya nuna, cewa abin da ya fi sa yaro ya yarda ya yi hulɗa da mai raunin fahimta shi ne yadda yake ganin iyawarsa. Wanda ya ga mutum ya yi iyo mita 100 ko ya ɗaga ƙarfen da shi ba zai iya ɗagawa ba, da wuya ya koma yana cewa ba abin da zai iya.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma labarin Zhouzhou ya nuna shi. Sunansa Hu Yizhou, an haife shi a Wuhan a 1978 da lalurar Down, mahaifinsa makaɗi ne a ƙungiyar kiɗa ta birnin, ya tashi a ɗakin atisaye yana kwaikwayon mai ba makaɗa umarni da sanda. Wani shirin talabijin a ƙarshen shekarun 1990 ya mayar da shi tauraro, aka riƙa kiransa mai baiwa, aka zagaya da shi har ƙasashen waje. Daga baya mahaifin da kansa ya fito ya ce ɗansa ba ya karanta rubutun kiɗa, yana bin sautin ne yana jin daɗinsa, kuma da kasuwar ta ja baya sai gayyata ta ragu. Yara da yawa a Sin shi ne mai raunin fahimta na farko da suka sani da suna. Abin da ke damuna shi ne darasin da ke ciki bai fita daga tsohon ma'auni ba, wato za mu karɓe ka in ka yi fice a wani abu. To miliyoyin da ba za su taɓa yin fice a komai ba fa, waɗanda iyakarsu su share tsakar gida su gaishe da maƙwabta?

An rufe gasar ranar 11 ga Oktoba kowa ya koma aji, kuma ajin bai canza ba. A shekarar ce ma aka bankaɗo wuraren yin bulo a lardin Shanxi inda ake bautar da mutane, cikinsu har da masu raunin fahimta. A 2011 wata firamare a Xi'an ta ɗaura wa yaran da ba su ƙoƙari koren ƙyalle a wuya a maimakon jan da kowa ke ɗaurawa, sai da jama'a suka yi ca sannan aka janye. A shekarar kuma jaridu suka ruwaito yadda wasu malamai a Wuxi ke tura iyaye su kai yara gwajin ƙwaƙwalwa, don in takarda ta nuna yaro na da rauni a cire makinsa daga lissafin aji. A 2012 a Shenzhen iyaye 19 suka sa hannu a takarda suna neman a fitar da wani yaro mai otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, daga ajin 'ya'yansu. Ka lura, iyaye ne suka sa hannu, ba yaran ba. Amma yaran suna kallo, kuma sun ji abin da aka tattauna a gida wajen cin abincin dare.

Ta ɓangaren doka an ci gaba. Sin ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, a 2017 aka sabunta dokar ilimin naƙasassu aka ce makarantar kowa da kowa ita ce zaɓin farko kuma ba a yarda makaranta ta ƙi yaron da ya cancanta ba, gwamnati ta ce zuwa 2020 sama da kashi 95 cikin 100 na yara masu naƙasa suna cikin tsarin karatun dole, ko da yake a lissafin har da waɗanda malami ke bi gida ya koyar. A 2021 aka fito da tsarin rage aikin gida da darasin bayan makaranta da ake biyan kuɗi, aka kuma hana bayyana jerin matsayin ɗalibai a firamare da ƙaramar sakandare. Wannan na ƙarshen a wajena ya fi kusa da inda ciwon yake, duk da ba don masu raunin fahimta aka yi shi ba. Amma zhongkao na nan, gaokao na nan, iyaye na tambayar juna maki a rukunin manhajar hira ta WeChat ko makaranta ta liƙa ko ba ta liƙa ba, kuma malamar da ke da yara 50 ba tare da mataimaki ko horo na musamman ba, in aka ce ta haɗa mai rauni aiki da mai ƙoƙari, ta san wayar da za ta fara shigo mata da daddare ta mahaifiyar mai ƙoƙarin ce.